Tarihin Vinho Verde, Giyar Inabi ta Arewacin Fotugal

Vinho Verde suna ne na giyar inabi wadda ake yi a lardin Minho, can a kusurwar arewa maso yammacin ƙasar Fotugal, tsakanin kogin Minho da ya raba ƙasar da Sifen da kuma kwarin kogin Douro, kuma tana cikin waɗanda Turawa suka fi ambato idan bazararsu ta kama, suna neman abin sha mai sanyi da ɗan tsami. Ma'anar sunan a harshensu ita ce koriyar giya, abin da suke nufi kuwa shi ne ɗanya, wadda ba ta daɗe a ajiye ba. Hukuncin hamru a shari'ar Musulunci bayyananne ne, haramun ce, kaɗan ɗinta da mai yawanta, kuma malamai ba su yi saɓani a kan haka ba. Abin da ya ja ni ga wannan babi shi ne tarihin noman da ya haife ta, domin a cikinsa akwai hikimar talaka wadda ta cancanci a rubuta.

Lardin nan ƙasa ce mai yawan ruwan sama da tekun Atlantika ke turowa, mai duwatsu, mai cunkoson jama'a, inda rabon gado ya yi ta tsattsaga gonaki har ta kai magidanci bai mallaki abin da ya wuce 'yar gayauna ba. Musulmi sun shiga Andalus a shekarar 711 Miladiyya, amma mulkinsu bai yi jijiya a wannan kusurwa ba, har wani basarake mai suna Vímara Peres ya karɓe birnin Porto a 868, daga nan ruhubanawa suka ci gaba da dashen inabi a filayen majami'unsu.

Babban sauyi ya zo ne a ƙarni na 16, lokacin da masara ta iso daga nahiyar Amurka, ta karɓi ƙasar, ta zama abincin yau da gobe. Da yake ciki shi ke gaba, sai manomi ya ba masara tsakiyar gona, ya kori inabi zuwa gefe, ya ɗora shi a kan dogayen itatuwan da ke iyaka, ko ya kafa masa rumfa bisa ginshiƙan dutse, ya shuka kabeji da wake a ƙarƙashi, yadda manominmu yake haɗa gero da dawa da wake a gona guda don kada taki ɗaya na ƙasa ya tafi banza. Ranar girbi sai a jingina dogon tsani na katako da itacen, mutum ya hau da kwando a rataye, yana tsinko nonon inabin daga cikin ganye. Tsayin nan ya tsare 'ya'yan daga ruɓewar danshi, amma kuma ya hana su nuna sosai, shi ya sa zaƙinsu ya yi ƙaranci, giyar ta fito da tsami da rashin ƙarfi. Ga fahimtata, siffar da ake yabo a yau ƙuncin gona ne asalinta.

Hukuma ta shata iyakokin yankin da doka a 1908, aka kuma kafa hukumar da ke kula da ƙa'idojinsa a 1926. Sai dai abin da mutanen ƙauye suka gada suna sha mafi yawansa ja ne wur, a cikin farin kwanon tangaran. Farar ta ɗaukaka ne daga baya ta hanyar tijara, musamman bayan da gidan Aveleda ya fitar da giyar Casal Garcia a 1939. Shigar Fotugal ƙungiyar tarayyar Turai a 1986 ta kawo kuɗin gyaran gonaki, aka sauko da inabi daga itatuwa aka jera shi a kan waya, kuma 'yar kumfar da a dā take tasowa da kanta a cikin kwalba yanzu galibi iska ake ɗura mata a masana'anta.

A yau yankin ya kasu kashi tara, mafi shahara cikinsu shi ne na Monção da Melgaço a bakin kogin Minho, inda ake noman irin inabin da ake kira Alvarinho. Wanda ya bi ƙananan hanyoyin ƙauyukan lardin har yanzu zai ga tsofaffin kurangu a kan itatuwan iyakar gona, da masara a tsakiya.