Bawul ɗin keke da hanyoyin fatauci a ƙasar Gure

A cikin kayan keke duka babu wanda ya kai bawul ƙanƙanta, kuma babu wanda ya fi shi saurin mayar da mahayi ɗan ƙasa. Wannan ɗan ƙarfen da ake hura iska ta cikinsa bai kai tsawon yatsa ba, amma ranar da ya ƙi aiki, malamin da ke koyarwa a wani ƙauye nesa da Gure zai iso aji yana turin abin hawansa, rana ta take. Iri uku ne suka fi yawo a duniya, na Ingila, da na Faransa, da na Amurka, kuma duk ukun ana iya cin karo da su a kasuwanninmu. Wanda ya bi sawun yadda kowannensu ya iso gabashin Nijar zai ga allura ta tono garma, domin labarin bawul labarin hanyoyin da kaya suka bi ne tun zamanin Nasara.

Asalin abin ya faro ne a 1888, lokacin da wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, mazaunin birnin Belfas, ya yi rajistar taya mai iska. Kafin nan roba ce zalla ake naɗawa a ƙafar keke, mahayi ya sha jijjiga. Da iska ta shigo sai wata matsala ta taso: ta ina za a sa ta, kuma me zai hana ta komowa? A 1891 wani Ba'ingile, Charles Woods, ya fito da amsar da har gobe ake amfani da ita. Ɗan tsinken ƙarfe ne mai rami a ciki da ƙaramar huda a gefe, an sa masa rigar roba siririya. In an danna famfo, iska ta ɗaga robar ta shige. In an daina, iskar ciki ta manne robar a kan hudar ta toshe. Shi ke nan. Ba ya buƙatar sifana, da yatsu biyu ake kwance zoben da ke riƙe shi, a zaro tsinken, a sauya robar, a mayar. Shi ne ake kira bawul ɗin Dunlop ko na Ingila.

A Amurka kuwa, gidan August Schrader, wani Bajamushe da ya kafa masana'anta a Niyok a 1844, ya yi rajistar nasa bawul a 1893. Shi yana da ɗan tsinke a tsakiya wanda sifirin ke tokarewa, kuma shi ne ya zama na mota da babur a ko'ina. Faransawa suka yi nasu siriri, wanda ake dangantawa da Etienne Sclaverand, aka fi saninsa da Presta. Ba shi da sifirin, sai ɗan noti a ka da ake sassautawa kafin a hura. An yi shi ne domin gare mai ƙunci da iska mai ƙarfi, irin na kekunan tsere. Bambancin da ya fi shafar mai saye shi ne girman hudar da ke jikin gare, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa: na Faransa yana son huda ta kimanin milimita 6.5, na Ingila da na Amurka kuwa ta kimanin 8.5.

To, ga abin lura. Faransa ce ta mallaki wannan ƙasa. Sojojinta sun ci Damagaram a 1899, Zindar ta zama mazaunin mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, kuma Faransa ba baƙuwar keke ba ce, tunda kamfanin Peugeot ya fara ƙera shi tun 1882. Mai hasashe zai ce ai bawul ɗin Faransa ne zai mamaye kasuwannin Muniyo. Amma baƙin keken nan mai nauyi, mai burkin sanda da kariya a baya, wanda ya zama jakin talaka daga Maraɗi har gabas, samfurin Ingila ne, da bawul ɗinsa na Ingila. Ko tsoffin sunayen abin sun nuna haka. Bayan dokin ƙarfe, Bahaushe ya ce basukur, ya ce taya, ya ce faci, ya ce bawul, kuma duk daga bakin Turawan kudu aka aro su.

Dalilin yana kan taswira. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya yada zango a Gure a watan Disamba na 1852, zamanin Muniyoma Koso, garin yana kan hanyar da ta haɗa Kukawa da Damagaram, fuskarsa na duban Barno. Mulkin mallaka ya ja iyaka, amma bai juya fuskar kasuwa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya ƙarasa Nguru a 1930, kuma Nguru ta fi kusa da Gure nesa ba kusa ba a kan Yamai, balle tashar ruwan Kwatano. Gyaɗa da ƙaro da fatu da kanwa da dabbobi suna gangarawa kudu, abin da ke hawowa kuwa kayan kantunan Ingilishi ne: atamfa, kwano, fitila, da keken Raleigh na birnin Notingam, wanda bakinmu ya mayar Rali. Faransawa da kansu sun ga wannan dogaro, shi ya sa a shekarun 1950 suka shirya jigilar da suka kira Hirondelle domin karkata gyaɗar Nijar zuwa Dahome. Sai dai juya buhunan gyaɗa da umarnin gwamna ya fi sauƙi a kan juya ɗan tireda da ke sayen kayan gyara a Kano. Daga baya ma Raleigh ya kafa masana'antar haɗa kekuna a Kanon kanta.

Kada a ɗauka keke ya yi saurin karɓuwa a nan kamar yadda ya yi a ƙasar Kano. Ƙasar Gure ƙasar rairayi ce da tuddai da kwaruruka, inda raƙumi da jaki da doki suka fi ƙafar ƙarfe daraja. Keke ya fara zama ne cikin gari, a hannun ma'aikata da malaman boko da masinjoji, kuma bai sami filin gudu sosai ba sai da aka shimfiɗa kwalta a babbar hanyar ƙasa, wadda sashenta na gabas, daga Gure zuwa Ngigmi, aka gina da taimakon Kanada a shekarun 1970. Kauce wa kwaltar kaɗan kuwa, sai ƙayar aduwa da tsidau da ƙayar dakwara. A irin wannan ƙasa ba a tambayar ko taya za ta sace, sai dai yaushe, kuma a nan ne bawul ɗin Ingila ya nuna amfaninsa. Wanda zai yi faci yana bukatar ya fitar da iska, ya hura, ya tsoma tiyub a ruwa ya nemi kumfa, ya sake fitarwa, ya sake hurawa. Bawul da ake zare cikinsa da hannu, wanda ƙaramin famfon da ke maƙale a jikin keke yake isarsa, ya dace da mutumin da ke ƙarƙashin bishiya shi kaɗai.

Yana da nasa aibu, kuma zafinmu ne ke tona shi. Rigar robar nan ba ta jure rana. Takan bushe ta tsage, ko ta narke ta manne, sai mutum ya wayi gari taya a kwance ba tare da ƙaya ta taɓa ta ba. Ma'aunin iska ba ya karanta shi daidai, sai dai a matsa taya da babban yatsa a kintata. Sauƙin kwance shi kuma ya zama makami a hannun ƴan makaranta masu ƙiriniya, kamar yadda malamai da yawa za su shaida. Amma gyaransa ɗan guntun roba ne da ake sakawa a aljihu, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Da arzikin Najeriya ya girgiza, aka karya darajar naira daga 1986, sannan aka raba darajar sefa biyu a watan Janairu na 1994, Rali ya fi ƙarfin aljihun da yawa. Waɗanda suka cike gurbin, irin su Phoenix na birnin Shanghai da Hero na Indiya, kwaikwayon baƙin keken Ingila ne tun daga sirdi har kariya. Saboda haka hannun mai gyara bai sake koyon komai ba.

Abin da ya kawo sauyi na gaske babur ne. Daga farkon shekarun 2000 baburan Sin masu araha suka cika garuruwa, sana'ar kabu-kabu ta bunƙasa, masu faci suka koma inda ciniki yake. Babur da mota bawul ɗin Amurka suke amfani da shi, don haka bakin injin iskar da ke gefen hanya shi aka yi wa. A lokaci guda kekunan hannu suka riƙa shigowa ta tashoshin Kwatano da Lome, kowanne da al'adar ƙasar da ya fito. Na Holan da Jamus da Japan sukan zo da bawul ɗin Ingila, masu faɗin taya na hawan tudu sukan zo da na Amurka, sirara na tsere kuma da na Faransa. Haka bawul ɗin tsohon mai mulki ya riƙa isowa a makare, a jikin gwanjo, ya tarar babu wanda ke jiransa. Kansa siriri ne mai saurin lanƙwashewa, injin mai faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi na tagulla, kuma tiyub ɗinsa ba kowane teburi ke ajiye shi ba.

A ganina, wanda zai zaɓi keken zuwa aiki ya fara duba hanyarsa kafin ya duba keken. In tafiyarsa cikin gari ce ko bakin kwalta, inda masu facin babur suke, na Amurka ya fi masa, da sharaɗin kada ya yar da murfinsa, domin rairayi in ya shiga bakin yakan hana tsinken rufewa. In hanyar daji ce, inda famfon hannu ne kaɗai abokin tafiya, na Ingila bai tsufa ba. Sauya ɗaya da ɗaya ba wuya, tunda hudarsu guda ce a jikin gare, tiyub kawai ake canzawa. Na Faransa ne ke bukatar tunani. Sa shi a babbar huda yana sa bakin ƙarfe ya ci gindinsa, faɗaɗa hudar siririn gare kuma yana raunana shi.

Wannan magana ta shafi ƙungiyoyin iyaye da na raya al'adu da kan nemo wa ɗalibai kekuna daga masu ba da taimako. Rufe iyakar Najeriya daga 1984 zuwa 1986, da na 2019 zuwa 2020, da na 2023 zuwa 2024, sun nuna yadda kayan gyara ke yankewa daga kasuwa cikin ƴan makonni. Kafin a raba kekunan, ya kamata wani ya zagaya ya dubi bawul ɗin kowanne, a ware masu siririn kai, a haɗa kowannensu da mahaɗi da tiyub na ajiya, sauran kuma a ba kowane yaro famfon da ya dace da nasa.