Ganimar kakanni a kan sikeli

Jiya a nan Trikania wani ɗan gwangwan ya nuna min tsohuwar wuƙar bakin bindiga, wai a kilo ya saye ta. Wallahi abin ya taɓa ni.

Wuƙaƙen ado ƙirar garin Solingen, waɗanda hafsoshin sojan ƙasa na Jamus suka fara ratayawa a 1935, yau rububinsu masu tara kayan tarihi suke yi. Sojojin da suka ci Hitler da yaƙi a 1945 ne suka kai su gida ganima, jikoki suka adana.

Mu ma kakanninmu sun gwabza da Jamusawa a Kamaru, aka ci Garwa a 1915, Mora a 1916. Me suka dawo da shi? Yana ina?

Jama'a, kafin ku auna tsohon ƙarfen gida, ku tambayi dattawa. In an narka, shi ke nan.