Aminin Kotu: Yadda Ƙungiyar Lauyoyi Ke Shiga Shari'ar Da Ba Tata Ba

Aminin kotu, wanda lauyoyi ke kira amicus curiae da harshen Latin, shi ne masanin doka ko ƙungiyar da ba ta cikin masu ƙara ko waɗanda ake ƙara, amma ta gabatar wa alƙalai rubutaccen bayani domin haskaka wani batu mai sarƙaƙiya. A Najeriya galibi kotu ce ke yin gayyata, ko da yake mai son shiga na iya neman izini. Ƙa'idojin ƙarar haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun ba kotuna damar sauraron aminan kotu a duk lokacin da adalci ya buƙaci hakan.

Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, wadda aka kafa a 1933, tana da reshe a Birnin Kebbi. Koke na iya farawa daga reshe, amma magana da sunan ƙungiyar baki ɗaya hurumin shugabanta na ƙasa ne da majalisar zartarwarta. Abin da ake fara aunawa shi ne ko hukuncin zai tsaya kan mutum biyu ne kawai, ko kuwa zai zama ma'auni ga dubban shari'o'i nan gaba. Akwai kuma wata matsala da ba ta da sauƙi. Lauyan mai ƙara da na wanda ake ƙara duk 'ya'yan ƙungiyar ne, saboda haka bayanin da ya karkata ga ɓangare guda zai zubar mata da mutunci a gaban alƙalai. A Amurka ma, takwararta ABA ba ta miƙa irin wannan bayani sai wani kwamiti na musamman ya tace shi, hukumar gudanarwarta kuma ta amince.

Mazauna karkara su ne suka fi dacewa da sanin amfanin wannan tsari, domin shari'o'in ƙasa na cikin waɗanda aka gayyaci aminai a kansu. A shari'ar Abioye da Yakubu ta 1991, wadda ta taso daga Jihar Kwara tsakanin masu ƙasa da Fulani makiyaya da aka ba wurin zama, Kotun Ƙoli ta saurari aminan kotu kafin ta yanke cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ba ta soke haƙƙin mai ƙasa na gargajiya a kan wanda ya ba aro ba. Wannan hukunci ya shafi manomin Diggi kamar yadda ya shafi na Kwara.

Ana jan hankalin hakimai, dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomin Kalgo da Gwandu da su fahimtar da jama'a cewa aminin kotu ba lauyan kyauta ba ne, kuma alƙali na da ikon karɓar ra'ayinsa ko ajiye shi. Wanda ke da rikicin gona ko gado kuma ba shi da halin ɗaukar lauya, sai a tura shi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ko reshen ƙungiyar da ke Birnin Kebbi domin neman shawara.