Sarkin da aka tare a Adan

A watan Afrilun 1886, wani jirgin ruwa da ya taso daga Ingila zuwa Indiya ya yada zango a Adan. Jami'an Ingila suka shiga, suka sauko da wani fasinja mai shekara 47, suka ce masa daga nan ba gaba. Bai yi sata ba, bai kashe kowa ba. Abin da ya tsorata su shi ne jininsa: Duleep Singh ne, ɗan Ranjit Singh, kuma sarki na ƙarshe a daular Sikh ta Panjab.

Duk sanda na karanta tarihinsa, ƙuruciyarsa ce ke tsaya mini a rai. Yana da shekara biyar aka naɗa shi a Lahor, a 1843, uba ya riga ya rasu. Bayan yaƙin farko tsakanin daular Sikh da Turawan Ingila, a yarjejeniyar Disamba 1846, Turawa suka ɗauki alkawarin riƙe masa ƙasa har ya cika shekara 16. Riƙon maraya ke nan suka karɓa. A 1847 suka raba shi da mahaifiyarsa, Jind Kaur, suka tsare ta. Ranar 29 ga Maris 1849 kuwa suka sa yaro ɗan shekara goma ya sa hannu cewa ya sallama ƙasarsa, har da lu'ulu'un Koh-i-Noor, wanda aka kai wa Sarauniya Biktoriya. Wane alƙali ne zai karɓi irin wannan sa hannu?

Sauran rayuwarsa ɗaurin talala ce. Aka kai shi Fatehgarh a hannun likita John Login, ya zama Kirista a 1853, ya isa Ingila a 1854. Ga albashi, ga katafaren gida a Elveden, amma ba halin taka Panjab. Mu da muka san yadda Sarkin Kano Alu ya ƙare kwanansa a Lakwaja, wannan salo ba baƙo ba ne a gare mu.

Yana tsare a Adan ya koma addinin iyayensa, a watan Mayu. Daga nan ya nufi Faris, ya je har Rasha neman taimako, bai samu ba. Ya mutu a Faris a 1893, aka binne shi a maƙabartar cocin Elveden, bai sake ganin Lahor ba. A ganina wannan cin amanar maraya ne tsagwaronsa.