Sanƙarau a ƙasar Arewa: abin da aka koya daga gidajenmu

Kowa ya sani, da zarar sanyi ya ja baya, ƙura ta turnuƙe, zafi ya fara kama jiki, to akwai sunan da iyaye mata ba sa son ji: sanƙarau. Yau tarihinsa za mu taɓa, don ƙasarmu tana da nata babi a ciki, kuma da yawa daga cikinmu ba su san da shi ba.

Mu fara da ita cutar kanta. Ƙwayar sanƙarau a maƙogwaron mutum take zama, kuma mutane da dama suna ɗauke da ita lafiyarsu lau, suna ba wa wasu ta hanyar tari da atishawa da kwana ɗaki guda. Idan iska ta bushe, ƙura ta ƙarce hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta samu ƙofa ta shiga jini, ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, wuya ya sandare. Jariri kuwa sai ka ga ya ƙi nono, maɗiga ta kumbura. Cikin yini ɗaya tana iya kashewa, wanda ya tsira kuma tana iya barinsa da kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa. Da damina ta sauka, iska ta yi laima, sai annobar ta kwanta. Shi ya sa tun kakanni aka san ta da ciwon bazara.

A rubuce, an ga babbar annobarta a arewacin Najeriya tun 1905, daga nan ta riƙa dawowa bayan wasu ƴan shekaru. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya tattara lissafin waɗannan annobobi, ya nuna cewa suna bin wani zirin ƙasa ne tsakanin hamada da kurmi. Zirin nan ya tashi daga Senegal har Habasha, ya ratsa ƙasashe 26, kuma Dallol Mauri yana cikinsa tsundum.

Wanda ya yi wayo a 1995 da 1996 ba ya buƙatar a ba shi labari. A 1995 kaɗai an lissafa mutum kusan 41,000 da suka kamu a Nijar. A 1996 abin ya game yankin, aka samu fiye da mutum 250,000 a Afirka, fiye da 25,000 suka rasu. Shekarun nan biyu sun bar tabo iri biyu. Na farko, cikin alluran rigakafin da aka kawo wa Nijar gudummawa daga Najeriya a 1995 an tarar da na jabu, babu magani a ciki, kuma kafin a ankara an riga an yi wa mutum fiye da 50,000. Na biyu, a Kano a 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba. Shari'a ta ja har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Don haka idan ka ga dattijo yana ɗari-ɗari da masu allura ko masu bincike, kada ka ce jahilci ne. Akwai abin da ya gani ko ya ji.

Ita ma allurar kirki ta wancan lokaci tana da gazawa. Kariyarta ba ta wuce shekara uku, ba ta kama ƙananan yara sosai, kuma ba ta kore ƙwayar daga maƙogwaro. Sai annoba ta ɓarke ake neman ta, kafin ta iso ƙauye an riga an yi jana'iza da yawa. Wannan ne ya sa a 2001 hukumar lafiya ta duniya, OMS, da ƙungiyar PATH suka kafa shirin samar da sabuwar allura don Afirka. Jami'an lafiya na ƙasashenmu suka ce idan ta yi tsada ba za mu iya saye ba. Aka haɗa kai da kamfanin Serum Institute na Indiya, ya yi ta a kan ƙasa da rabin dalar Amurka, wato ƙasa da dala hamsin a kuɗinmu na sefa. Sunanta MenAfriVac. An ƙaddamar da ita a Burkina Faso ranar 6 ga Disamba 2010, kuma tsakanin 2010 da 2011 aka bi jihohin Nijar ana yi wa ƴan shekara 1 zuwa 29.

Mata masu ciki ma ba a bar su a baya ba. An bi diddigin waɗanda aka yi wa a Navrongo ta ƙasar Ghana, ba a ga ta cutar da ciki ko jariri ba. Har ma an gano tana ƙara garkuwa daga tetanos, cutar nan da ke shiga wa jariri ta cibiya.

Allurar ta yi aiki ƙwarai. Amma ga inda gizo ke saƙar: ƙwayar sanƙarau dangi-dangi ce, masana sun sa musu haruffa, A, C, W, X, Y. Mafi yawan manyan annobobin da suka gabata na A ne, kuma MenAfriVac A kaɗai take karewa. A ya yi ƙasa har ya kusa ɓacewa, mutane suka saki jiki, wasu suka ɗauka an gama da sanƙarau ke nan.

A 2013 sai wani sabon nau'in C ya ɓulla a jihar Sakkwato, ya sake fitowa a Kabi. To, mu da Kabi da Sakkwato me ya raba mu? Kasuwa ɗaya muke ci, aure ɗaya, zumunci ɗaya. Mai zuwa Bacaka ko Kangiwa da safe yana iya kwana gida. Ƙwayar cuta kuwa ba ta tsayawa a duwan. A farkon 2015 gundumar Dogondutsi ta kasance cikin wuraren da cutar ta fara bayyana a Nijar, kafin ta mamaye Yamai har gwamnati ta rufe makarantun birnin na wasu kwanaki a watan Afrilu. Allurar da ke kare C ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Daga 1 ga Janairu zuwa 30 ga Yuni 2015 an lissafa mutum 9,367 da ake zaton sun kamu a ƙasar, 549 suka rasu. Ba a taɓa ganin annobar C mai girman wannan a yankin ba kafin lokacin.

Yaya aka yi aka gane cewa C ne, ba A ne ya dawo ba? Ta ruwan baya. Wannan ruwan da majo ke ɗiba da allura daga ƙashin bayan marar lafiya, wanda iyaye da yawa ke tsoro, shi ake sawa a kwalba a aika cibiyar bincike ta CERMES a Yamai, can a duba a ga harafin. Da ba a samu iyayen da suka yarda aka ɗiba ba, da an yi ta yi wa jama'a allurar da ba ta dace ba.

Bayan annobar ta lafa, masu bincike na Epicentre, reshen bincike na likitocin na-gari-na-kowa, MSF, tare da ma'aikatar lafiya, suka ɗauki rajistar waɗanda suka kamu a gundumar Dogondutsi, suka bi su gida-gida. Suna tambaya: wane ya warke, wane ya rasu, wane ya daina ji, wa kuma ya kamu a gidan bayan na farko? Abin da suka samo an buga shi a 2016 a mujallar Emerging Infectious Diseases. Sun tabbatar da cewa mutanen gidan marar lafiya sun fi sauran jama'a haɗarin kamuwa, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda cutar ta bar wa lahani. Littafin asibiti ba ya nuna wannan, don daga ranar da aka sallami yaro ba a sake rubuta komai a kansa. Sai da aka zauna a kan tabarma a tsakar gida aka ji.

Wannan sakamako ya haifar da tambaya: tunda allura kan makara, me zai hana a ba waɗanda ke kusa da marar lafiya ƙwayar magani guda, su kore ƙwayar cutar daga maƙogwaro? A bazarar 2017 aka gwada a gundumar Madarunfa ta jihar Maradi, cikin ƙauyuka 49. Aka raba su uku. Kashin farko an bar su a kan kulawar da aka saba. Na biyu an ba mutanen gidan marar lafiya kaɗai maganin ciprofloxacin sau ɗaya. Na uku an ba duk ƙauyen cikin kwana uku da samun labarin na farko. A lissafin kowane mutum 100,000, kashin farko an samu 451 da suka kamu, na biyu 386, na uku 190. Wato ba wa gida ɗaya bai canza abu sosai ba, amma ba wa gari duka ya rage kamuwa da kusan kashi 60 cikin 100. Wanda ya san zaman ƙauye ba zai yi mamaki ba: yaro a gidansu yake kwana, amma yininsa a makarantar allo yake, da bakin rijiya, da dandali. Masu binciken sun kuma ja kunne cewa yawan shan irin wannan magani barkatai yana iya sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa. Don haka ba abin da mutum zai je ya saya a tebur ba ne, hukumar lafiya ce ke yanke lokacin raba shi.

Kun ga yadda tambayoyin da aka yi a gidajenmu suka kai ga gwaji a Maradi, gwajin kuma duniya ta karanta shi. A shekarar 2017 ɗin dai C ya sake yin ɓarna a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, fiye da mutum 14,000 suka kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Wannan ya ƙara nuna cewa bin haruffa ɗaya bayan ɗaya ba zai kai mu ba, musamman da yake X ma ya taɓa yin annoba a Nijar a 2006. Sai aka ƙera allura guda mai kare biyar, A, C, W, X da Y, mai suna Men5CV. OMS ta amince da ita a Yulin 2023, Najeriya ta zama ta farko da ta yi amfani da ita a 2024, Nijar ta bi baya a shekarar. Burin OMS shi ne a kawo ƙarshen annobar sanƙarau kafin 2030.

To, mene ne namu a ciki? Hukuma tana ayyana annoba ne idan an samu mutum 10 cikin 100,000 a mako guda, kuma da wannan lissafin ake neman allura daga waje. Yaron da aka ɓoye a ɗaki ana masa turare, ko aka binne ba tare da likita ta sani ba, ba ya shiga lissafin. Ƙauyuka su yi ta rashi a Matankari ko Gesheme ko Kore Mairuwa, a takarda kuwa shiru, allura ta tafi wani wuri. Kai marar lafiya likita da wuri ceton ransa ne, domin akwai maganin ceftriaxone da ke warkarwa idan ba a makara ba, kuma ceton maƙwabta ne.

Iyaye mata, ku kuka fi kowa saurin ganewa. Idan kin ga zazzaɓi da sandarewar wuya, ko maɗiga ta taso, kada ki jira gari ya waye. Maigida, kada ka tsaya sai an gama shawara da dangi, a nemo mai kabu-kabu ko amalanke. Idan majo ya ce zai ɗebi ruwan baya, a bari ya ɗiba. Idan masu bincike suka zo, kuna da haƙƙin ku tambaye su: wa ya aiko ku, me za ku yi, me zai biyo baya? Kuna da haƙƙin ku ce a'a, kuma darasin Kano ke nan. Idan sun yi bayani kun gamsu, a ba su haɗin kai, don irin wannan haɗin kan na 2015 ne ya amfani mutanen da ba mu taɓa gani ba. A kuma duba katin rigakafin yara tun zafi bai kankama ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba waɗanda cutar ta bar wa lahani haƙuri, Ya raba mu da mugun ciwo. Wanda ya tuna yadda abin ya kasance a garinsu a 1996 ko 2015, ya ba matasa labari, su san ba tatsuniya ba ce.