Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Bututu Mai Kyamara

A zangunan Salaga da Yendi da Bawku, inda fataken goro suka yi zaune, ciwon gadon baya aikin wanzami ne da maɗori: a yi ƙaho, a yi tausa. Amma akwai ciwon da hannu ba ya kai masa, wato idan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya ya ɓullo ya danne laka.

A 1934 likitoci biyu na Boston a Amurka, Mixter da Barr, suka nuna cewa tiyata na magance wannan. Sai dai gadon baya ya fi ƙugu wuyar shiga, domin haƙarƙari da huhu sun kange shi, kuma taɓa laka kan shanye ƙafafu. Shi ya sa aka daɗe ana buɗe ƙirji. A 1975 Hijikata na Japan ya kai ga guringuntsin ƙugu ta 'yar huda. A 1993 Mack da Regan suka bayyana yadda ake zura bututu mai kyamara ta tsakanin haƙarƙari.

A Gana, an buɗe asibitin FOCOS, wanda ya shahara kan aikin ƙashin baya, a Akara a 2012. Majiyyacin Paga kuwa, da ke iyakar Burkina Faso, sai ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu kafin ya isa can.