Manomin da Ya Ƙidaya Ranar Zuwan Ubangiji

Sau da dama idan aka tashi daga sujada, za ka ji mutane a kan hanya suna cewa, "Kai, wa'azin yau ya yi daɗi." Idan ka tambaya wace sura aka karanta, sai a yi shiru. An tuna da muryar mai wa'azi, an tuna da labarin da ya ba mutane dariya, amma ba wanda ya duba ko abin da ya faɗa shi ne abin da ayar take faɗi. A yau za mu koma cikin tarihin ikkilisiya mu ga abin da ya sami dubban masu bi a ƙasar Amurka a shekara ta 1844, sa'ad da suka karɓi fassarar wani mai wa'azi a kan aya guda ta Littafin Daniyel.

Sunan mutumin Wiliyam Mila. Kada a haɗa shi da Likita Mila na Zariya, wanda ya yi aiki a kan fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Wancan mutumin Ingila ne, wannan kuwa Ba'amurke ne, ya kuma riga shi zuwa duniya da shekaru masu yawa.

Wane ne Wiliyam Mila?

An haife shi a shekara ta 1782, ya girma a wani ƙauye mai suna Low Hampton a jihar Niyu Yok. Manomi ne kamar yawancinmu, bai shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, amma yana son karatu ƙwarai. Da ya zama saurayi sai ya bar bangaskiyar iyayensa, ya bi ra'ayin masu cewa Allah ya halicci duniya ne kawai ya bar ta, ba ruwansa da abin da ke faruwa a cikinta. Ya shiga soja a yaƙin da Amurka ta yi da Ingila daga 1812, har ya kai muƙamin kyaftin. Abin da ya gani a bakin daga ya girgiza shi. A shekara ta 1816 ya tuba, ya koma ikkilisiyar Baftis ta ƙauyensu.

Tsofaffin abokansa suka dinga yi masa ba'a, suna cewa Littafi Mai Tsarki yana saɓa wa kansa. Sai ya ƙudura zai bincika da kansa. Ya ajiye littattafan malamai gefe, ya ɗauki Littafi Mai Tsarki da wani littafin jerin kalmomi wanda yake nuna duk ayoyin da kalma ta fito. Ya fara daga Farawa sura 1, aya bayan aya, ba ya wucewa sai ya ga ya gane. Ya yi shekara 2 a kan wannan aiki. A 1818 ya kai ga cewa Almasihu zai dawo wajen shekara ta 1843.

Bai fita da gudu yana shela ba. Ya yi shekaru yana sake duba lissafinsa, yana jin tsoro kada ya ɓad da mutane. Sai a watan Agusta 1831 ya yi wa'azinsa na fari a wani ƙaramin gari mai suna Dresden. Duk wanda ya karanta tarihinsa zai yarda cewa mutumin nan ba macuci ba ne. Bai tara dukiya da wa'azi ba, yana kuma ƙaunar Maganar Allah. Mu riƙe wannan a zuciya, gama shi ne ya sa labarin ya shafe mu.

Yadda ya yi lissafin

Ayar da ya kafa a kanta ita ce Daniyel 8:14, inda aka ambaci maraice da safiya 2,300, sa'an nan a tsarkake Wuri Mai Tsarki. Daga nan ya ɗauki matakai uku.

Da fari ya ce kowace rana cikin annabci shekara ce. Ya ɗauko wannan daga Littafin Ƙidaya 14:34, inda kwana 40 na leƙen asirin ƙasa suka zama shekara 40 a jeji, da Ezekiyel 4:6, inda annabi ya kwanta a gefensa rana ɗaya a madadin shekara ɗaya. Ba shi ne ya ƙago wannan hanya ba, malamai da yawa na zamaninsa haka suke karanta annabci.

Na biyu, yana bukatar shekarar da zai fara ƙirga. Sura 8 ba ta ba shi ba, sai ya ƙetara zuwa sura 9 ya haɗa ta da umarnin da Sarki Artashate ya ba Ezra, kamar yadda yake a Ezra sura 7. Ya sa wannan umarni a shekara ta 457 kafin haihuwar Almasihu. Idan ka cire 457 daga 2,300, saura 1843.

Na uku, ya ce Wuri Mai Tsarki da za a tsarkake duniya ce, tsarkakewar kuwa wuta ce a ranar zuwan Ubangiji.

Lissafin yana da sauƙi, ɗan firamare ma zai iya yinsa a kan allo. Wannan sauƙin ne ya kama zukatan mutane. Kowa yana duba ko cirewar ta yi daidai, kaɗan ne suka tambaya ko ayar ta ba da izinin a yi cirewar tun fari.

Yadda maganar ta bazu

A ƙarshen 1839 Mila ya sadu da wani fasto na birnin Bostan mai suna Joshuwa Himes, mutum mai dabarar yaɗa labari. Himes ya fara buga jarida a 1840, ya shigar da Mila manyan birane, aka ɗinka wani babban tanti mai ɗaukar dubban mutane ana yawo da shi gari gari. Aka zana manyan hotuna na dabbobin Daniyel da na Wahayin Yahaya tare da lambobin shekaru, masu wa'azi suna ratayewa suna nunawa da sanda. Mutane da yawa suka tuba da gaske, mashaya suka bar giya, masu gaba suka shirya. Masana tarihi suna ƙiyasta masu bin wannan koyarwa tsakanin 50,000 da 100,000.

Akwai waɗanda suka yi gargaɗi. Wani faston Baftis mai suna John Dowling ya rubuta amsa a 1840. Wani malamin Ibrananci mai suna Moses Stuart ya rubuta littafi a 1842 yana nuna cewa wahayin yana magana ne a kan abin da ya riga ya faru a Urushalima. Amma wasu masu adawa da ba'a suka zo, ba'ar kuwa ta ƙara wa masu bin Mila ƙarfi, suna ganin kansu kamar Nuhu a gaban masu dariya. Idan aka tuna musu da Matiyu 24:36, inda Yesu ya ce sanin ranar da sa'ar na Uba ne kaɗai, sai su amsa cewa rana da sa'a aka hana, ba a hana sanin shekara ba.

Mila ya ce Ubangiji zai zo tsakanin 21 ga Maris 1843 da 21 ga Maris 1844. Lokacin ya wuce. Ya fito fili ya amsa cewa ya yi kuskure. Da a nan aka tsaya, da ɓarnar ta zo da sauƙi. Amma a watan Agusta 1844, a wani taron sansani a garin Exeter, wani mai wa'azi mai suna Samuel Snow ya tashi ya ce an yi kuskuren 'yan watanni ne kawai. Ya ce Ubangiji zai zo a Ranar Kafara ta Yahudawa, rana ta 10 ga wata na 7, wadda ya lissafa za ta faɗo 22 ga Oktoba. Mutanen da suka ce shekara kaɗai za a iya sani, yanzu ga su sun sa rana. Mila ya yi jinkiri, amma a farkon Oktoba shi ma ya yarda.

Ku da kuke noma kun san abin da watan Oktoba yake nufi. A can ma lokacin kaka ne. Wasu manoma suka bar amfanin gonarsu ba su girbe ba. Wasu suka rufe kantuna, wasu suka bar aiki, wasu suka rabar da abin hannunsu. Ranar Talata 22 ga Oktoba suka taru a gidaje da majami'u suna addu'a suna duban sama. Rana ta faɗi, tsakar dare ta wuce, gari ya waye kamar kullum. Waɗanda suka ba da labarin daren nan daga baya sun ce sun yi ta kuka har asuba. Sanyin hunturu yana tafe, rumbunan wasu babu kome, maƙwabta kuma suna yi musu dariya a kan hanya.

Wasu suka bar bangaskiya gaba ɗaya. Wasu suka koma ikkilisiyoyinsu da kunya. Wasu suka ce ranar daidai ce, amma abin ya faru ne a Wuri Mai Tsarki na sama, daga cikinsu ne aka kafa ikkilisiyar Adbentis masu kiyaye Asabar a 1863. Ikkilisiyar Baftis ta ƙauyensa ta cire Mila a 1845. Ya rasu a watan Disamba 1849, yana kan begen zuwan Ubangiji.

Ina kuskuren yake?

Mu buɗe Daniyel sura 8 mu karanta ta daga farko har ƙarshe. Daniyel ya ga rago mai ƙaho biyu, ya ga bunsuru mai babban ƙaho ya buge shi. Ƙahon ya karye, huɗu suka fito a wurinsa, daga ɗayansu kuma wani ƙaramin ƙaho ya tsiro wanda ya hana hadayar yau da kullum, ya ƙazantar da Wuri Mai Tsarki. A aya 20 zuwa 22 mala'ika Jibra'ilu da kansa ya ba da fassara: ragon sarakunan Mediya da Farisa ne, bunsurun kuwa sarkin Hellas ne, wato Girka, ƙahoni huɗun mulkoki huɗu ne da za su fito daga al'ummarsa.

Tarihi ya nuna mana Iskandari Mai Girma ya ci Farisa, ya mutu a shekara ta 323 kafin haihuwar Almasihu, jarumawansa suka raba mulkin. Daga zuriyar ɗayansu aka sami Sarki Antiyokus na huɗu, wanda ya hana hadaya a Haikalin Urushalima a 167 kafin haihuwar Almasihu. Yahudawa ƙarƙashin Yahuza Makabi suka ƙwato Haikalin suka tsarkake shi a 164. Malamai sun bambanta a kan ƙirgar 2,300 ɗin: wasu suna cewa kwanaki ne, wato shekara 6 da 'yan watanni, wasu suna cewa hadayun maraice da na safe ne, wato kwana 1,150. Ko wanne aka ɗauka, surar tana magana a kan wurin da ake miƙa hadaya. Babu inda ta kira duniya Wuri Mai Tsarki.

Ayoyin Ƙidaya da Ezekiyel kuma, kowacce ta faɗa da bakinta cewa a wannan wuri rana tana madadin shekara. Daniyel 8:14 ba ta faɗi haka ba. Mila ya ɗauko mabuɗin wani ɗaki ya tilasta shi a ƙofar wani. Littafin jerin kalmominsa ya nuna masa inda kalmomi suka yi kama, amma bai iya nuna masa ko zancen ɗaya ne ba. Mafi muni, aka bar aya mai wuya ta danne magana mai sauƙi, gama a Ayyukan Manzanni 1:7 Ubangiji ya gaya wa almajirai cewa sanin lokatai da zamanai ba rabonsu ba ne.

Kada mu ce wannan ya wuce da mutanen dā. Wani mai wa'azin rediyo a jihar Kalifoniya, Harold Camping, ya sa ranar 21 ga Mayu 2011, bayan ya riga ya kuskure a 1994. Masu sauraronsa da dama suka kashe ajiyarsu wajen kafa allunan talla. A 2012 ya amsa cewa sa ranar da ya yi zunubi ne. Mu da muke magana da ku ta rediyo, wannan gargaɗi namu ne kafin ya zama na wani.

Abin da za mu yi a gida

Yawancinmu muna jin wa'azi da Hausa, alhali da wani harshe muka tashi a ɗakin uwa. Wani lokaci ma ta bakin tafinta maganar take iso mana. Saboda haka yana da sauƙi mu ce, "Fasto ya yi karatu, mu su wane ne?" Amma mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17:11, Manzo Bulus da kansa suka saurara, duk da haka kowace rana suna komawa ga Littattafai su ga ko haka ne. Luka bai kira wannan rashin biyayya ba, yabonsu ya yi.

Ran Lahadi ku rubuta sura da ayar da aka yi wa'azi a kai. Da dare, lokacin addu'ar iyali, ku sa yaron da ya iya karatu ya karanta surar dukanta, ba ayar kaɗai ba. Idan akwai Sabon Alkawari a harshenku, ku karanta a ciki kuma. Sa'an nan ku tambayi juna: wa yake magana a nan, da wa kuma yake yi? Abin da mai wa'azi ya faɗa yana cikin surar, ko daga wani wuri ya ɗauko ya liƙa? Akwai wata aya bayyananniya da ta ƙi wannan fassara? Idan abin bai daidaita ba, kada ku yi gunaguni a kasuwa. Ku je wurin faston ko dattijon ikkilisiya da ladabi ku ce, "Baba, a taimake mu da wannan aya." Bawan Allah na gaskiya zai yi murna da tambayar. Wanda kuwa ya ce ku sayar da akuya ko ku bar gona saboda wata lamba da shi kaɗai ya gano, ku tuna da manoman 1844.

Yesu zai dawo, wannan tabbas ne, Mila bai yi kuskure a nan ba. Amma Bulus ya umarci masu bi na Tasalonika, waɗanda su ma suke jiran zuwan nan, su natsu su yi aiki su ci abincin hannunsu. Mu girbe dawarmu da accarmu, mu biya kuɗin makarantar yara, mu zauna a shirye. Ubangiji ya ba mu kunnen ji da zuciyar bincike. Amin.